Motar Da Za Ta Kai Ki Ɗakinki

Daga Innarki, Wurno.

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Allah Ya tsare ki zaune da tafe, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Ke ce ta fari, bakina bai saba da sunanki ba, balle in zaunar da ke in yi maki dogon zance ido cikin ido. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin ce a jar motar Babanku kike so a kai ki gidan mijinki ranar Lahadi. Babanku ya ce maganar tana hannuna. Tun daga nan kike bina da ido, in na shiga madafa ki biyo ni, in na fito ki tsaya bakin ƙofa. Zan ba ki amsa. Amma ina so ki fara sanin motar nan kamar yadda na san ta.

Kina 'yar firamare a lokacin. Shekarar ce albasa ta yi kyau a fadama, ta kuma yi daraja a kasuwa, abubuwa biyun da ba kasafai suke haɗuwa ba. Babanku ya dawo daga gona ya ce in shirya, gobe za mu Sakkwato. Na ɗauka dubiya ce ko ta'aziyya. Sai da muka sauka a wani fili cike da motoci sannan na gane. Kin san mazan garin nan, wani ko akuya zai saya, matarsa ba ta sani sai ta gan ta ɗaure a turke. Shi kuwa ya ɗauko ni tun daga Wurno don in zaɓi mota da bakina.

Wani dillali ya kai mu gaban guda biyu, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, kamar tagwaye. Irin motocin nan ne da ba ƙanana ba, ba kuma manyan jif ba. Jiki gajere, a ɗage daga ƙasa, baya a dunƙule, ƙofar but tana buɗewa sama. Ɗaya fara, ɗaya ja.

Farar tana da babban inji irin na da, wanda kowane bakanike ya san cikinsa. Giyarta ta hannu ce. Idan ƙasa ta yi laushi, ƙafafunta huɗu duka suna ja. Tayoyinta masu kauri, kujerunta na yadi, ga wani dogon ƙwarzane a ƙofar baya. Jar kuwa ƙaramin inji gare ta, an ɗaura masa wata na'ura mai hura masa iska, tobo suke ce mata, wai don ya yi ƙarfin babba ba tare da shan mai ba. Da kanta take canza giya. Ƙafafun gaba kaɗai ke ja, na baya bi kawai suke yi. Tayoyinta sirara a kan manyan wili masu walƙiya. Duk an faɗi wannan a gabana, da Hausa, ba da wani yare ba. Ni ban ji ba. Ina kallon kujerun fata na jar, da rufin gilashin da ake zugewa a ga sama, da fitilun nan nata masu ja da baya kamar idon da aka zizara wa kwalli.

Dillalin ya buɗe mani ƙofa ya ce, "Hajiya, shiga ki ji." Ya kunna sanyi ya rufe.

Kin san ni da littattafai. A cikinsu ba a taɓa zuwa wurin budurwa a farar mota mai ƙwarzane ba. Mota takan zo a hankali ta tsaya ƙofar gida, gilashi ya sauka, sanyi da ƙamshi su riga mai motar yin sallama. Babanku a kan keke ya zo zance gidanmu, da laka a ƙafar wando. Na so shi a haka, har gobe ina sonsa. Amma akwai wani lungu a zuciyata da bai daina jiran gilashin nan ya sauka ba. Ranar da na zauna cikin jar motar, lungun nan ne ya yi magana.

Da na fito, na tarar da Babanku tsugune yana leƙa ƙarƙashin farar. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Wagga fara ita ta san hanyarmu," ya ce. "Amma don ke munka zo. Mi kika so?"

"Ja nika so."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Dillalin ya tafa hannu. "Alhaji, Hajiya ta san kaya!"

Babanku ya biya kuɗin jar. Ya shafa bayan farar sau ɗaya, kamar mai sallama da dabbar da ya yi ciniki ya fasa, muka shiga jar muka kamo hanya.

Ɗiyata, duk ranar da mijinki ya nemi shawararki, abu babba ya ba ki. Kada ki amsa da ido. Ki tambaya: abin nan wace hanya zai riƙa bi, ina zai kwana, wa zai gyara shi in ya lalace? In kika ga ya tsugunna yana leƙa ƙarƙashin abu, ke ma ki tattara zanenki ki tsugunna. Ni da na tsugunna ranar nan, da na ga abin da ya gani.

Ba zan yi wa motar ƙarya ba, a kan kwalta ba ta da laifi ko kaɗan. Ranar da muka dawo da ita ji na yi kamar ɗakina aka sa wa ƙafafu. Kana zaune a sama kana hango hanya, ba ƙara, ba girgiza. A kwana ba ta kwantawa gefe kamar bas, tana manne da ƙasa. Babanku ya koya mani riƙe ta a filin makaranta, ranakun da ba yara. Sitiyarinta da ɗan yatsa ake juya shi, kuma saboda gajartarta, lungun gidanmu da a-kori-kura ke shan wahala, ita sau ɗaya take shigewa. In aka taka totur sai ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta zabura gaba ɗaya har bayanki ya manne da kujera. Ina son wannan zaburar. Ban san ranar da za ta cuce mu tana tafe ba.

Amma kwalta nawa ce a rayuwarmu? Da an sauka hanyar gona sai ta zama wata. Ƙafafun da ke riƙe ta tsaf a kwana su ne ke dukan bayan mutum a gargada. Siraran tayoyin nan ba su da naman da za su sha dutse, kafin a yi nisa ɗaya ta fashe. Ga tsirfa wajen abinci. Man bumburutu na bakin hanya, wanda babur ke sha ya gode, ita in ta sha sai tari, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Aka kira Malam Iro bakanike. Ya buɗe gaba, ya daɗe yana kallo, ya rufe.

"Alhaji, wagga ba ta magana da irinmu. Sai Sakkwato, sai an sa mata kwamhuta. Ni in na taɓa ta, ƙarata za ta kai."

Aka yi dariya. Haka Babanku ya koma kan babur ɗinsa, mai mota a gida, yana zuwa fadama cikin rana da ruwa. Ciwon bayan da yake fama da shi yanzu, ban ce duk laifin motar ba ne, amma na san da farar ce, da ta kai shi har bakin gona.

Sai na ƙara da nawa. Wata rana ya zo da buhunan irin albasa biyu zai kai wa wani abokinsa a Magarya, ya kwantar da kujerun baya, suka shige daidai kamar don su aka yi wurin. Na fito da gudu na ce a sauke. Na ce warin zai kama fata, ba ya fita. Ya dube ni ya ce, "Ke, albasa ce fa ta sayo ta." Na ce ko ma mi ya sayo ta. Ya sauke buhunan da hannunsa, ya ɗaure su bayan babur. Ina tsaye ina fesa turare cikin motar har ya fita.

Mijinki manomin shinkafa ne. Zai shigo maki da taɓo har gwiwa, rigarsa na warin ruwan fadama. Kada ki yamutsa fuska, kada ki ce ya tsaya waje. Wannan taɓon ne tuwonki da zanenki. Ki kai masa ruwa, in ya wanke ki share, ba sai ya ji kina sharewa ba.

Matan unguwa kuwa jif suke ce mata, ni kuma ban taɓa gyara masu ba. Ta yi kama da jif ɗin ai. An zagaye bakin tayoyinta da baƙin abu kamar mai shirin shiga daji, a ƙasan gabanta ga wani faranti fari mai kama da ƙarfe. A gidan suna, a gidan biki, nakan ce, "Ai ba inda ba ta shiga." Na faɗa har na yarda da kaina.

Sai bikin Innarki Rabi ya zo, ƙanwata da muka fito ciki ɗaya. Wani ƙauye za a kai ta, gaba da Rara, ƙarshen damina. Tun saura wata na gama shirya komai a kaina: jar mota a gaba, furannin roba a goshinta, amarya a baya cikin sanyi, mutanen ƙauye su fito su yi kallo. Da safen ranar Babanku ya ce mani, "An yi ruwa jiya wajen Rara. A sa amarya ga bas tare da mata. Mu bi baya da wagga, in hanya ta yarda."

Na yi kuka. Na ce ƙanwata ɗaya tilo, ga mota a gidan yayarta, a cusa ta cikin bas tsakanin kwalla da tabarmi? Na ƙi cin abinci. Ya gaji ya ɗauki makulli.

Shi ke tuƙi, ni a gefensa, Rabi a baya cikin lulluɓi tsakanin gwaggonninmu biyu. Bas na gaba da mata da kaya. Har Rabah lafiya lau, gwaggonni na ta shafa kujera suna sa albarka. Bayan Rara hanya ta fara lalacewa, muka iso wani rafi. Ruwan ba yawa, bai kai gwiwa ba, amma faɗinsa duk jiƙaƙƙen yashi ne. Direban bas ya sauko ya rage iskar tayoyinsa, ya ja da baya, ya shigo da ƙarfi, bas na tangaɗi mata na salati, ta haye. Suka rangaɗa guɗa suka wuce, a zatonsu muna biye.

Babanku ya tsaya. Ya naɗe wando ya shiga rafin da ƙafa, ya je ya dawo. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ba ta wucewa. Cikinta na zama."

Da na yi shiru, da an aika wani a babur ya dawo da bas, shi ke nan. Sai na ce, da ƙarfi, gwaggonni na ji, "Tsohuwar bas ta wuce, jif ta kasa? Ko dai direban ne?"

Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kamar in tona ƙasa. Ya dube ni, ya dubi tsofaffin nan biyu da suka sunkuyar da kai. Ya shigo ya tada mota.

Mun kai tsakiya. Sai ƙafafun gaba suka fara juyawa a wuri ɗaya. Ya ɗan ƙara totur, ta yi shirun nan nata, sannan ta zabura, kuma duk ƙarfin zaburar a cikin yashi ya ƙare. Ta haƙa wa kanta rami biyu ta zauna da ciki. Ƙafafun baya na tsaye ba ruwansu, kamar ba da su ake yi ba. Ya gwada baya, ya gwada gaba, wani ƙauri ya taso, fitilu suka kama, giya ta ƙi shiga ko'ina. Farantin nan na gaba da nake zaton ƙarfe ne ya ɓalle, na gan shi yana yawo a kan ruwa. Roba ce aka shafa wa fenti.

Waya ba ta kamawa a wurin. Muka zauna tun bayan azahar har rana ta yi ja. Babanku na tonon yashi da hannu, babbar rigarsa ta biki rataye a kan wata ƙaya. Daga ƙarshe wani bawan Allah ya zo da amalanken shanu, ya ɗauko harawa. Gwaggo Asabe, ɗaya daga tsofaffin, ta ce amarya ba ta kwana a hanya, ko a kan mi ne a kai ta. Aka shimfiɗa zane a kan harawa aka ɗora Rabi. Haka ta shiga garin mijinta, yara na bin amalanke suna tsalle, lallen ƙafarta duk yashi. Motar kuwa sai washegari shanu suka jawo ta.

Wannan ɓangaren kin sani, a gidan nan ana ba da shi ana dariya, har ƙannenki na kwaikwayon Gwaggo Asabe a kan harawa. Ga wanda ba a ba da shi.

Muna shiga da Rabi zauren gidan mijinta, wata tsohuwa daga dangin angon ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Sabuwar mota ta mutu ƙarƙashinta. Allah Shi sa ba farar ƙafa anka kawo muna ba."

Kin san abin da ake nufi: mace wadda duk inda ta taka sai asara ta biyo. Malamai na ta wa'azi cewa ba shi da tushe, kuma ba shi da. Amma wa'azi a masallaci yake, Rabi kuwa a tsakar gida take zaune. Ragon gidan ya ci wani abu ya kumbura ya mutu, aka dubi ƙafarta. Gara ta shiga rumbu, aka dubi ƙafarta. Ranar da za a fitar da iri, sai a aike ta rijiya don kada hannunta ya taɓa. Aka yi sabon ɗaki a gidan, aka hana ta zama ta farkon shiga. Ta-amalanke suke kiranta, har yaran da aka haifa bayan zuwanta. Mijinta mutumin kirki ne, ya tsaya mata, amma shi gona yake wuni. Ta yi shekaru kafin ta wanke sunanta, da haƙuri da kyauta da haihuwa, kuma har yanzu akwai masu tunawa in tukunya ta fashe.

Yashi ne da ƙaramin inji da bakin yayarta. Amma ita ta ɗauka.

Ki ji ni da kyau a nan. Kada ki taɓa tura mijinki da gori a gaban mutane. In ya ce abu ba ya yiwuwa, kina da ja, ki bari sai kun kaɗaita. Namiji in aka taɓa shi a gaban tsofaffi zai shiga rafin da ya san ba ya fita, kuma ba shi kaɗai ke cikin motar ba.

Babanku bai taɓa ce mani "ga shi nan" ba. Da ya faɗa, da na ji sauƙi. Ya kai mota Sakkwato aka gyara, ya dawo da ita ya ce, "Taki ta, ki aje." Ya saya mata tamfol. Tun daga nan ba ta fita sai zuwa birni ko ranar Salla, shi ya sa har yau take ƙyalli kamar ba ta tsufa. Amma bai sake ɗaukata zuwa wurin sayen komai ba. Ya sayi injin ban ruwa, ya canza babur, ya ƙara gona, duk sai dai in gani. Ba fushi ba ne, yana dariya da ni, yana sayo mani littattafai in ya je kasuwa. Tambayar ce kawai ya daina. Maganar motarki ita ce ta farko da ya sake sa wa a hannuna.

Rabi kuwa, ban je na ba ta haƙuri ba. Kunya ta hana ni. Na aika mata atamfa, na aika turare, da ta haihu na yi mata kayan jariri fiye da na kowa. Tana karɓa tana godiya, amma ta daina kwana ɗakina in ta zo Wurno. In kika ɓata wa mutum, ɗiyata, ki je da ƙafarki ki faɗa da bakinki, tun abin na da ɗumi. Atamfa ba ta iya cewa "na yi kuskure".

Shekaranjiya kin tsaya bayana ina tankaɗe kika ce, "Inna, ƙawayena duk sun san da ita za a kai ni. Kuma hanyar Goronyo kwalta ce."

Kwalta ce har Goronyo. Daga nan zuwa garin mijinki fa? Na tambayi Kawunki Sani, shi da ke ɗaukar albasa a can. Ya ce daga bayan dam hanya ƙasa ce, ta ratsa gonakin shinkafa, akwai wurare biyu da ruwa ke kwanciya, kuma damina ba ta gama sallama ba. Ban da haka, kin san zamanin da muke ciki. Wancan karon mun zauna bakin rafi har yamma ba abin da muke tsoro sai kunya. Yanzu ba mai son ya tsaya a daji da jar mota mai ƙyalli da amarya a ciki.

Kawun naki ya ce ga tasa a-kori-kura, mai kujeru gaba da baya, ƙafa huɗu na ja, hanyar kuma ta san ta kamar gidansu. Na ce, "Yaya Sani, motar da ke warin albasa tun daga nesa?"

"To mi? Amarya dai kuka za ta yi. In hawaye sunka ƙare mata ga hanya, mota ta taimaka."

Na ce ba na son wasa. Ya ce zai wanke ta da sabulu ciki da waje, a turara ta kwana biyu, ya shimfiɗa sabon bargo. Ya ce fenti ne dai ba shi da yadda zai yi da shi.

Kada ki zaci ke kaɗai ke son jar. Tun kina sakandare nake ganin ranar nan a raina. Na sayi furannin, suna cikin akwatina. Na ga gilashi na sauka, na ga dangin mijinki na leƙe suna cewa ɗiyar manya ce. Shekaruna sun ƙaru, lungun nan na zuciyata bai girma ba. Har dabara na yi: jar ta kai ki Goronyo a kan kwalta, a can a mayar da ke motar Kawu. Kowa ya samu nasa.

Jiya da Rabi ta iso, na same ta tana jera maki kwanoni na gaya mata dabarar. Ba ta ɗago ba.

"A sauke amarya tsakiyar hanya a canza mata mota? Yaya, kin san mi za su ce. Tun ba ta iso ba anka sauke ta."

Sai na ji bakina ya ce, "Rabi, ki yafe mani amalanken nan."

Ta ajiye kwanon hannunta. Ta ɗago ta dube ni.

"Ni ban taɓa jin haushin amalanke ba. Shanun nan su sunka kai ni, Allah Shi saka wa mai su. Abin da ya tsaya mani, na ji sa'ad da mijinki, Yaya Bello, yac ce ba ta wucewa. Ina cikin lulluɓi na ji. Na san gaskiya tai. Na so in ce a tsaya, a jira bas. Amma amarya ba ta magana. Ke ce bakina ranar nan, Yaya."

Muka yi kuka mu biyu a kan kwanoninki. Daren jiya a ɗakina ta kwana.

Ranar Lahadi ke ma za a lulluɓe ki. Ko kin ga rami ba ki cewa a kauce, ko kin ji tsoro ba ki cewa a tsaya. Ni kuma ba na cikin masu rakiya, uwa ba ta kai ɗiyarta ɗaki. Ina nan tsakar gida lokacin da za ku iso wurin ruwan nan. Abin da zan iya yi maki a hanyar, yau ne kawai zan iya yin sa.

Na san za ki ji kunyar ƙawayenki. Za su yi maki tsiya a mota, su toshe hanci, wata ma ta ɗauki hoto. Ki bar su, kafin ku kai Goronyo sun gaji. Ƙawaye kwana ɗaya za su yi su dawo Wurno. Tsofaffin da ke zaune a zauren can kuwa, da su za ki tsufa.

Na sa maki littattafai a ƙasan akwatin zannuwa, waɗanda na fi so. Ban ce ki daina karatu ba, ni ma ban daina ba. Sun ɗebe mani kewa a ranakun da ba mai ɗebe ta. Ki dai lura, motocin cikinsu ba sa taɓa isowa bakin rafi. In kin rufe littafi, ki ɗaga kai ki dubi wanda ke gabanki da hanyar da ke ƙofar gidanku.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaida uwar mijinki da safe tun ba ta nemi ki ba. In abu ya dame ki, ki kira Innarki Rabi, ta san zaman baƙon gari fiye da ni.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Ya tsare gabanku da bayanku, Ya makantar da mugun ido daga motar da kike ciki. Ya sanya soyayya tsakaninki da mutanen gidan, Ya ba ki miji mai tambayarki, Ya ba ki hankalin amsa masa. Na yafe maki duk abin da kika yi mani, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ke ma ki yafe mani wannan.

Na gaya wa Babanku da safen nan. Jar mota ba za ta fita ba ranar Lahadi. A motar Kawu Sani za a kai ki, tun daga ƙofar gidan nan har ƙofar ɗakinki.